Kitson da Inna Ta Tsefe

Ranar sunan ɗiyar Usaina na ji maganar da ta sa na ɗauki biro. Ina zaune a ɗaki ƙafafuna suna min zogi, ku kuna tsakar gida kuna rabon waina, sai na ji Gambo yana ba amaryarsa labari, wai kakarku Inna da gangan ta yi wa Usaina kitson da ya kusa hana ta shiga makaranta, don ta samu dalilin tafiya da ita Gwandu. Kuka kwashe da dariya, har da ita Usainar, wadda ya kamata ta fi kowa sani. Gambo kuwa a waccan shekara yana goye a bayana, yawu yana jiƙa min zane, ban san inda ya samo idon ganin abin da ya faru ba. Raina ya ɓaci, amma ban fito ba, don ranar farin ciki ce. Na dai ƙudurta cewa zan rubuta muku yadda abin ya kasance, kafin ku gama mayar da baiwar Allah ɓarauniyar jika.

A Gwandu aka haifi Hassan da Usaina, a ɗakin Inna, uwar mahaifinku, kuma su ne 'ya'yana na fari. Ku yaran yanzu da kuke rungume 'ya'yanku a gaban kowa kuna ɗaukar hoto, ba za ku gane abin da wannan yake nufi ba. A gidan da aka kai ni, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, ba ta nuna ta damu da shi ko da ya faɗi ya fasa baki. Inna Bafullatana ce ta rugagen bayan Gwandu, aure ne ya shigo da ita gari, kuma a wurinta kunya ita ce rabin mutunci. Ni ga shi Allah ya ba ni 'yan fari biyu a tashi ɗaya, wato kunyata ta zama ninki biyu. Sai dai in ce "namijin" ko "macen". Yau da na tsufa ne nake rubuta sunayen ƙarara, kuma ko yanzu sai na ji kamar Inna tana leƙen takardar ta bayan kafaɗata.

Inna ba mace ce mai wuyar zama ba, kar ku ɗauke ta haka. Tana da barkwanci, tana da kyauta, kuma duk unguwarmu babu mai hannun kitso irin nata. Amaren gari har layi suke yi a zaurenmu. Tun da mijinta ya rasu, mu ne hayaniyar gidanta, tagwayen nan kuwa su ne idonta. Hassan take kira Maigida, tana tsokanarsa wai ya bar ta ba cefane. Usaina kuma ƙawarta ce, a shimfiɗarta take kwana, ita ke riƙe mata kaskon man shanu idan tana kitso.

Shekarar da suka isa shiga firamare, ba mu sha wata wahala ba. Malamin da ke rubuta sababbin yara a makarantar unguwarmu ya ci naman sunansu, ya san ranar da aka haife su, don haka da ya hango su sai kawai ya rubuta. Sun ma fara zuwa, sun koyo waƙa ɗaya da suka ishe mu da ita. Sai ga takardar canjin wurin aiki ta zo wa mahaifinku. Malamin dabbobi ne kamar yadda kuka sani, aka ce ya koma Kalgo, kuma ba a ba shi lokacin shiri ba domin allurar shanu ta gabato. Muka ɗaure kaya a akori-kura, tukwane da turmi da kaji, muka bi ta Birnin Kebbi. Inna ta ce za ta raka mu ta ga mun zauna, sannan ta koma, don ita ba ta barin ɗakin da mijinta ya bar ta a ciki.

Kalgo ta yi min daɗi tun ranar farko. Ni da na tashi a kan gero da nono, sai ga ni a garin shinkafa da kifi, maƙwabta suna aiko mana da busasshen kifi a faifai kamar gyaɗa. Gidan da muka samu yana da darbejiya a tsakiya da rijiya mai ruwa kusa. Mahaifinku ko kwana biyu bai yi ba ya hau babur ya nufi Diggi da Dangoma wajen makiyaya, ya bar mana sallahun mu kai yara makaranta. A lokacin zangon karatu ya riga ya yi nisa, kowa ya san wurin zamansa a aji.

Inna ta ce jikokinta ba za su shiga baƙon gari kamar marasa gata ba. Aka kira wanzami ya yi wa Hassan aski ƙwal, kansa yana ƙyalli kamar bayan ƙwarya. Usaina kuma Inna ta zaunar da ita tun safe har la'asar, ta yi mata doka irin ta 'yan matan rugarsu, kitson nan da ake naɗa tsumma a ciki a tayar da shi tun daga goshi har ƙeya, ya yi tozo a tsakiyar kai. Ta buɗe ƙullin da ban taɓa ganin ta buɗe ba, ta fito da duwatsun ado da kwabban azurfa da aka saka mata a nata kan tana yarinya, ta jera mata su. Wallahi kitso ya yi kyau, har na manta da kunya na tsaya ina kallo. Da ta gama sai ta ɗaura wa yarinyar kallabi ta rufe shi ruf, ta ɗora hijabi a kai, wai bakin mutanen da ba ka sani ba abin tsoro ne.

Washegari muka tafi, Inna a gaba da sandarta, tagwaye a tsakiya, ni a baya da Gambo a goye. A bakin ofishin hedimasta muka tarar da iyaye tsaitsaye, kowa da yaronsa, duk makararru irinmu. Hedimastan, Malam Arzika, dattijo ne siriri mai fara'a, amma ka ga fuskar mutumin da ya gaji da cewa a'a. Ya gaishe da Inna har da rusunawa.

"Hajiya, kun makara ƙwarai," in ji shi. "Aji ɗaya ya cika, har bisa taga yara ka zamna. Kuna da takardar haihuwa?"

"Ni ta takardar," in ji Inna. "Gabana anka haihe su."

Malam Arzika ya yi murmushi. Ya ce tun da wuri ya ƙare, shi abin da yake yi wa duk wanda ya zo a makare ba takarda shi ne gwajin da aka yi masa yana yaro. Yaro ya ɗaga hannun dama, ya bi da shi ta tsakiyar kansa, ya taɓa kunnen hagu. Wanda hannunsa ya kai, ya isa karatu, za a matsa masa wuri ko a ƙasa ne. Wanda bai kai ba, ya je ya ƙara cin tuwo sai baɗi. Hassan ya ɗaga hannu, ya zame a kan ƙwal ɗin nan, ya cafke kunne gaba ɗaya har yana jan sa. Aka ce ya wuce. Usaina ta ɗaga nata, ta miƙa, ta yi ɗage, ta ciji leɓe. 'Yan yatsunta suka tsaya suna lilo a sama da kunnen.

"Allah ya yi ma wagga yarinya baiwar kai," in ji Malam Arzika, yana kallon tudun da ke ƙarƙashin hijabi. "Sai dai hannun da saura."

"Malam, tagwaye na hwa," in ji Inna. "Rana ɗaya, tabarma ɗaya."

"Ba ni ƙaryata babba, Hajiya. Amma jiya ma wani ya kawo min yara biyu yac ce tagwaye na, alhali ɗaya ya girmi ɗaya da yaye guda. Dubi mutanen da ke waje. In nid ɗauke ta, duk wanda nik kora gobe shina nan bakin ƙohwa." Sannan ya ƙara da wasa, don ya sanyaya mata rai. "Sai Juma'a nika ruhe rajista. In hannun ya yi tsawo kahin nan, ku maido ta."

Ni duk wannan kaina yana ƙasa. Maganar 'yar fari ake yi a gaban suruka da baƙon namiji, ba ni da bakin magana, ba ni da ma idon kallo. Muka bar Hassan a aji yana waiwaye, muka juyo da Usaina. Ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne, amma tana tafe tana kallon hannunta kamar ya ci amanarta. Mun kai wajen masu sayar da rake, sai na ga tafiyar Inna ta sauya, sandar ma ta daina dogara ta sosai.

"To, ai ba a yi asara ba," in ji ta. "Sunanta na nan Gwandu, bencinta na jiranta. Kulu, in tahi da ƙawata ta yi karatunta can wurina."

Na ce, "To, Inna."

Abin da bakina ya faɗa ke nan, kuma babu wata amsa da tarbiyyata ta tanadar min. Na san ma'anar wannan magana. Idan kaka ta ɗauki jika riƙo, ba aron wata ɗaya ba ne, sai dai ka ga yarinya ranar da za a wanke ta a kai ta ɗakin miji. Za ta zo hutu ta gaishe ni kamar baƙuwa. Kuma za a raba ta da wanda suka kwanta ciki ɗaya, wanda ko ƙosai aka ba shi sai ya gutsura ya ajiye mata rabi. Maganar Inna kuwa babu ta inda za a kushe ta: can akwai gurbi, nan babu, wa zai ce a bar yarinya ta zauna shekara guda a gida tana kallon ɗan'uwanta yana tafiya da allo?

Da yamma a ranar na gano abin da ya faru. Ina wanke-wanke a bakin rijiya, Inna ta shiga sallah, Usaina ta cire hijabi da kallabi tana ƙarƙashin darbejiya tana sake gwadawa ita kaɗai. Sai na ga hannun ba a kan kanta yake bi ba, a kan tozon kitson yake hawa, kamar mai tsallake katanga. Abin da ya rage tsakanin yatsa da kunne bai kai tsayin tozon ba. Na saki kwanon da ke hannuna a cikin ruwa. Dariya ta zo min, kuka ya zo min, na rasa wanda zan fara. Malam Arzika bai ga kitson ba, namiji ba zai ce a buɗe kan yarinya ba, shi ya ɗauka haka Allah ya yi ta da ƙaton kai.

Za ku ce me ya hana ni tashi in faɗa. Ku zauna a inda na zauna tukuna. In je in ce wa Inna kitson da ta ɓata yini tana yi, da duwatsun ƙuruciyarta a ciki, shi ne ya jawo mana wannan? A wurinsu tsefe kitson babba kafin ya tsufa kamar ka mayar mata da kyautarta ne a gaban jama'a. Bayan haka, duk wanda ya ji zai san dalilina: Kulu tana son 'yarta ta fari, ba ta son a tafi da ita. Wannan kuwa a gidanmu magana ce da za a yi ta yi har a rugage. Sai na sa rai ga mahaifinku.

Ya dawo daga Diggi ana gobe kasuwa, duk jikinsa warin shanu. Na bari Inna ta fita gaida maƙwabta, na same shi yana wanke ƙafa.

"Malam, kitson na," na ce.

"Wane kitso?"

Na kwatanta masa da hannuna a kan nawa kan. Ya kalle ni, ya kalli Usaina can tana wasa da tozonta a sama, sai ya fashe da dariya har butar ta kife. Na tsaya ina jira ya gama, kuma ya daɗe bai gama ba.

"To ka gaya ma Inna," na ce.

Nan take dariyar ta ɗauke. "Ni? In ce ma Inna kitsonta ya yi laihi? Kulu, ina kama bijimi in kada shi in yi mai allura, amma wanga ba ni iyawa. Kuma kin ga yadda taka murna. Gwandu ai ba nisa."

Ranar tuwonsa bai ga man shanu ba, kuma da ya tambaya na ce ya ƙare, alhali kasko yana cike. Amma a maganarsa akwai abin da ya tsaya min a rai, don gaskiya ne, Inna tana murna irin wadda ban ga ta yi ba tun rasuwar mijinta. Ranar kasuwa ta tafi da kanta ta sayo 'yar tukunya da 'yar tabarma mai jan baki. Tana ninke kaya tana 'yan waƙoƙinta na Fulatanci, tana gaya wa Usaina akuyar da za ta ba ta da sunan da za su sa mata. Sai a lokacin na tuna abin da ke jiran ta a Gwandu: gida mai ɗakuna huɗu, ba kowa sai ita da kaji. Duk hidimar tashinmu babu wanda ya tsaya ya yi wannan tunani, ita kuma kunya ba za ta bar ta ta ce tana tsoron kaɗaici ba. Ashe mu biyu muna cikin gida ɗaya, kowace tana son yarinya ɗaya, kowace bakinta a ɗaure.

Su kuwa tagwaye sun ɗauki maganar hedimasta da gaske. Kullum kafin Hassan ya tafi makaranta sai ya kama hannun Usaina ya taka bango ya yi ta ja, tana cewa ya ƙara. Da ya dawo sai ya ɗaga ta ta kama reshen darbejiya ta yi ta reto har tafinta ya yi ja. Wani yaron maƙwabta ya ce musu cin kan kifi yana sa tsawo, Usaina ta bi duk kwanukan gidan tana tsince kawuna. Inna tana kallo tana dariya har da hawaye, tana cewa Maigida zai cire wa ƙawarta hannu ya bar ta da ɗaya. Ni ma ina dariya, don abin da ban dariya, amma duk safiya idan na buɗe ido sai na tuna Juma'a ta ƙara matsowa.

Ranar Juma'ar ita ce kuma ranar tafiyar Inna. Hassan ya ƙi karyawa, da ƙyar mahaifinku ya ɗora shi a babur ya kai shi makaranta, shi kuma ya wuce ofis, ina jin don kada ya ga fuskata ne. An ɗaure kaya an jingine a zaure, 'yar tabarma a sama. Inna ta zauna a kujera 'yar tsugune, ta sa Usaina tsakanin ƙafafunta tana shafa wa kitson mai saboda hanya. Ni ina gefe ina tankaɗe, kuma rariyar kawai nake kallo.

"Inna, bari in gwada na ƙarshe," in ji Usaina.

"Gwada, ƙawata."

Ta ɗaga hannu. Wannan karon kan a buɗe yake, kuma a daidai idon Inna. Na saci kallo. Inna ta sa tafin hannunta ta danne tozon, sai ga ɗan yatsan Usaina ya sauka a saman kunne. Ta ɗage hannunta, yatsa ya koma sama. Ta sake dannawa, ya sake sauka. Ta daɗe a haka, hannunta a kan yarinyar, tana kallon kayan da ke zaure. Ba wanda ya gani sai ni, ni kuma ta san ba zan yi magana ba. Yarinyar ma ba ta gane ba, ta ɗauka mai ake shafa mata. Da Inna ta ɗaura kallabi ta ce mu tafi tasha, da shi ke nan, babu mai tuhumarta har abada. Wannan ne wurin da nake so Gambo ya karanta sau biyu.

"Kulu," in ji ta.

"Na'am, Inna."

"Kin san da wanga?"

Na ce, "Na sani, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da munka dawo."

Ta kalle ni kallon da ban taɓa mantawa ba, ba na faɗa ba, ba kuma na yabo ba. Sannan ta yi 'yar dariya ta girgiza kai.

"Wanda yar rene ki ya iya reno. Da kin bari na tahi da ita, ke kina nan kina tankaɗen hawaye cikin garin tuwo. Miƙo min tsinke."

Da hannunta ta tsefe shi. Duwatsun da kwabban suna faɗawa cikin ƙwarya ɗaya bayan ɗaya, tsumman ya fito, kitson da ta yi yini tana ginawa ya rushe kafin ruwan da na ɗora ya tafasa. Sai kuma wata matsala ta taso, don gashin Usaina da aka sake shi ya tashi buzu-buzu, ya fi tozon tsawo. Ga rana tana ɗagawa, ga makaranta ana tashi da wuri ranar Juma'a. Inna ta ce babu lokacin ado, a yi 'yan layuka a kwance zuwa ƙeya, irin kitson da kullum take cewa na ragwayen mata ne.

"Ajiye rariyar nan ki kama wancan gehen," in ji ta.

Ranar ce na fara sa hannu a kan 'yata a gaban Inna. Ita tana dama ina hagu, muna ja yarinya tana ƙara, Gambo yana tsala kuka a baya ba mai kula shi. Layukana sun karkace, nata kuwa ko a cikin sauri kamar an ja su da zare. Muna gamawa ta shafe kan da man shanu har ya kwanta lif, ta ɗora hijabi ba kallabi, ta ɗauki sanda. Ban taɓa sanin tsohuwar nan tana da sauri haka ba, ni da goyo sai da na yi ta haɗawa da gudu.

Muka tarar da Malam Arzika yana haɗa takardunsa. Da ya gan mu sai ya gyara tabarau, ya dubi Usaina, ya sake dubanta.

"Hajiya, ina sauran kan?"

"Shina gida cikin ƙwarya, Malam. Gwada ta."

Usaina ta ja numfashi ta ɗaga hannu. Ya bi ta kan hijabin sumul, ya gangara, yatsu biyu suka kama saman kunne suka riƙe gam, kamar za a ƙwace mata. Malam Arzika ya zagaya ta baya ya duba, ya dawo ta gaba ya duba. Da Inna ta gaya masa abin da ke ƙarƙashin hijabin ran nan, sai da ya zauna a kujera saboda dariya, yana cewa shekarunsa nawa yana wannan gwaji bai taɓa tunanin kitso ba, daga yau duk yarinyar da ta faɗi sai ya sa malama ta leƙa kanta. Ya rubuta sunan. Ya ce benci dai babu, sai dai ta matsa da ɗan'uwanta. Ai kafin ya rufe baki Hassan, wanda ashe yana maƙale a taga tun shigowarmu, ya faɗo ofis ya ja ta da hannun nan da ya sha ja. Muna jin ajin ya ɗauki sowa. Ni kuwa na juya baya na yi kamar ina gyara goyo, don fuskata ta ƙi bin umarnina.

Na zaci Inna za ta ɗaga tafiyar, amma ta ce ta riga ta yi sallama da maƙwabta, ba ta sallama biyu. Bayan an sauko daga masallaci muka raka ta tasha, mahaifinku yana ɗauke da kaya yana ta satar kallona, ni kuma na ƙi kallonsa. Tagwaye suna gaba suna rera waƙar da aka koya musu, Usaina tana rera ta kamar ta yi wata a ajin. Da aka zo loda kaya, Inna ta zare 'yar tabarma da 'yar tukunya ta riƙe a hannu. Na zaci za ta ba yarinyar, sai ta ce a'a, waɗannan na Gwandu ne, a can za su jira mai su ta zo hutu. Ta shiga mota ta zauna, ta ɗora su a cinya. Sai a lokacin na ga yadda ta ƙanƙance a kujerar, tsohuwa ita kaɗai da tukunyar yara, za ta je ta buɗe gidan da ba mai yi mata sannu da zuwa. Na ji kunyar murnata.

Ta yafito ni da hannu. Na matsa jikin taga, ta miƙo min ƙullin duwatsun, ta ɗaga murya yadda mahaifinku da duk wanda ke wurin zai ji.

"Kulu, wagga yarinya tawa ta, kowa ya sani. Riƙo nib ba ki. Ki kula min da ita, ki yi mata wasa, ki kira ta da sunanta. In niz zo nit tarar ta rame, ke da ni."

Na ce, "To, Inna."

Ita ce dai amsar da na ba ta a wajen masu rake, amma wannan karon har cikina na faɗe ta. Kun ga abin da ta yi min? 'Yar fari ake jin kunya, ba a jin kunyar 'yar riƙo. Tun daga ranar nake rungumar Usaina a gaban kowa, in wani ya ɗaga gira in ce amanar Inna ce, ba ni da yadda zan yi. Hassan ma ya ci albarkacinta, don ba a yi wa ɗan tagwai abu a bar ɗaya. Kowane hutu kuwa mota ta kai su Gwandu, Usaina ta dawo da tozonta a sama, mu tsefe shi ana gobe komawa makaranta. Haka muka yi ta yi har shekarar da Inna ta rasu.

Ƙullin yana nan a ƙasan akwatina, na jaririyar Usaina da aka raɗa wa sunan Inna ne idan gashinta ya isa. Usaina, in kin zo karɓa ki zo da Gambo, ina so ya riƙe ƙwaryar.